Daga Garejin Unguwa Zuwa Gasar Duniya: Tarihin Tseren Motocin Kulob a Ingila



Duk shekara a watan Satumba, dubban mutane kan taru a Goodwood da ke kudancin Ingila, sanye da tufafin zamanin kakanninsu, suna kallon tsofaffin motocin tsere. Cikin motocin da akan fito da su har da wasu 'yan ƙanana masu kujera ɗaya, tayoyi huɗu a waje, ba rufi ba ƙofa, direba na zaune a ciki kamar a kwalekwale. Ƙararsu irin ta babur ce, domin injin babur ne a jikinsu. Tsofaffin da suka ga zamaninsu kan ce tun kafin ka hango su za ka shaƙi ƙamshin man zurma da ake zuba wa injin. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To mene ne waɗannan mutane suke kewa, kuma shin bara ɗin ta kai daɗin da suke faɗi? Abin da za mu bi a yau ke nan.

Sai mu fara daga 1945, shekarar da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu. Mai sha'awar tseren mota a Birtaniya ya wayi gari ba shi da wurin yi. Filin Brooklands, wanda aka buɗe tun 1907, an rufe shi a 1939 aka mayar da shi wurin ƙera jiragen yaƙi, kuma ba a sake tsere a kansa ba. Donington Park na hannun soja, sai 1977 aka sake buɗe shi. Man fetur da kati ake sayar da shi har zuwa 1950. Motocin tsere na kafin yaƙi kuwa dama na masu hannu da shuni ne.

Abu ɗaya yaƙin ya bari a yalwace: filayen jiragen sama da sojoji suka tashi suka bari, da shimfiɗaɗɗun hanyoyinsu na kankare. A watan Satumba na 1947 wasu abokai suka shiga irin wannan fili kusa da ƙauyen Silverstone, ba izinin kowa, suka shirya tsere a tsakaninsu. Ana cikin gudu ɗayansu, Maurice Geoghegan, ya banke wata tunkiya da ta ratso hanya. Tunkiya ta mutu, mota ta lalace, aka riƙa tsokanar tseren da sunan gasar naman rago. Shekara guda bayan haka aka yi babbar gasar ƙasa a wannan fili, an shata hanya da gangunan mai da damman haki. Ranar 13 ga Mayu, 1950, a nan aka yi tsere na farko a tarihin gasar duniya ta Formula 1.

Fili ya samu, saura mota. A ƙarshen 1945 wasu masu sha'awa a birnin Bristol, da yawansu ma'aikatan kamfanin ƙera jiragen sama, suka zauna tare da Dick Caesar suka tsara ƙa'idar motar da mai ƙaramin albashi zai iya haɗawa da hannunsa. Injin kada ya wuce cc 500, nauyin mota kuma kada ya gaza kimanin kilo 230. Don mu gane ƙanƙantar abin, babur ɗin acaɓa da muka sani bai cika wuce cc 125 ba, ke nan injin motar tseren nan bai fi na acaɓa huɗu ba. A 1946 suka kafa ƙungiya mai suna 500 Club. Motocin farko, irin ta Colin Strang da ta Clive Lones, duk haɗin hannu ne daga tarkacen tsofaffin motoci da babura.

A wannan shekarar ce wani bakanike mai gareji a Surbiton, kudu maso yammacin Landan, Charles Cooper, da ɗansa John da abokin ɗan, Eric Brandon, suka samo gaban ƙananan motocin Fiat guda biyu da suka lalace, suka haɗa su da walda, ɗaya ya zama gaba ɗaya ya zama baya. Suka kawo injin babur na kamfanin JAP. Da yake babur da sarƙa yake juya tayar baya, hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye injin a bayan direba, kusa da tayoyin da zai juya. Kamfanin Auto Union na Jamus ya taɓa yin haka a shekarun 1930, amma manyan masu ƙera motocin tsere ba su bi shi ba. Su Cooper kuwa sauƙin aiki suka bi. Sai ga mota mara nauyi, mai kama ƙasa a kwana. Jama'a suka fara zuwa suna cewa a ƙera musu irinta. Cikin masu sayen farko har da wani yaro ɗan shekara 18, Stirling Moss, wanda ya ci tseren ƙananan motocin ranar da aka buɗe Goodwood, 18 ga Satumba, 1948.

Mu ɗan tsaya mu dubi yadda ranar tsere take a wancan zamani, domin a nan kewar take. Mutum ya yi aikinsa na mako, Asabar da asuba ya ɗora motarsa a 'yar tirela ya ja ta da motar gida. Shi ne direba, shi ne bakanike, matarsa ko abokinsa ke riƙe agogo. Motar ba ta tashi da makulli, sai an tura. Ba fetur take sha ba, mitanol take sha. Injin mai silinda ɗaya yana girgiza ta har notuna su kwance, don haka tsakanin tsere da tsere kowa na durƙushe da sufana. Wanda injinsa ya buga yakan ari kayan gyara wurin wanda za su kara da shi nan da awa guda. Masu ɗaga tuta da masu ɗauke motar da ta kife 'yan sa kai ne, ba a biyansu ko kwabo. A 1950 aka zuba kwalta a Brands Hatch, wani filin ciyawa na 'yan babur a Kent, ya zama gidan waɗannan motoci, kuma a shekarar hukumar tsere ta duniya ta amince da su a matsayin Formula 3.

Waɗanda suka ratsa ta wannan ƙofa ba 'ya'yan sarauta ba ne. Ken Tyrrell ɗan kasuwar katako ne, kuma daga rumfar da ke wurin sayar da katakon nasu ya gudanar da ƙungiyar da Jackie Stewart ya ci gasar duniya da ita sau uku. Bernie Ecclestone kayan babur yake sayarwa, daga baya ya riƙe kasuwancin Formula 1 har zuwa 2017. Graham Hill a 1953 ya ga talla cewa ana ba da hayar mota a Brands Hatch, sule biyar zagaye ɗaya. Ya biya fam guda ya yi zagaye huɗu, daga nan ya bar aikinsa ya koma kanikanci don a riƙa ba shi mota ya tuƙa. Ya zama zakaran duniya a 1962 da 1968.

Akwai kulob na biyu da ba za mu tsallake ba, wato 750 Motor Club, wanda aka kafa a 1939 domin masu ƙaramar motar nan Austin 7 mai injin cc 747. Bayan yaƙi tsofaffin Austin 7 sun yi arha, sai kulob ɗin ya fito da gasa a 1949 ga duk wanda zai kwance ɗaya ya sake gina ta. Wani ɗalibin injiniya, Colin Chapman, ya gina motarsa ta farko a 1948 a garejin iyayen budurwarsa, Hazel Williams, ya sa mata suna Lotus. Ta uku da ya gina ta yi fice a gasar kulob ɗin a 1951. A 1952 ya kafa kamfani a wani tsohon bargan dawaki da ke jikin otel ɗin mahaifinsa a arewacin Landan. Eric Broadley, wanda ya kafa Lola a 1958, shi ma daga wannan kulob ya fito. Abin da aka koya a nan a bayyane yake: tun da ƙa'ida ta hana ka babban inji, aljihu kuma ya hana ka sabo, sai ka rage nauyi, ka gyara yadda taya ke zama a ƙasa. Duk Asabar kuma agogo zai gaya maka ko dabararka ta yi.

An ce Enzo Ferrari yakan kira waɗannan mutane 'yan gareji, don ba sa ƙera injinsu da kansu, sayowa suke su ɗaura. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A watan Janairu na 1958, a Ajantina, Moss ya shiga gasar duniya da ƙaramar Cooper mai inji a baya, mallakar wani mutum mai zaman kansa, Rob Walker. Injinta bai kai lita 2 ba, na abokan karawarsa ya kai kusan lita 2 da rabi. Bai tsaya canza taya ba har zare ya bayyana a jikinsu, ya riga Ferrari ta Luigi Musso isa da ƙasa da daƙiƙa 3. Wannan ne karo na farko da mota mai inji a baya ta ci tsere a gasar duniya. Jack Brabham ya ɗauki kambun da Cooper a 1959 da 1960. A 1961 Ferrari ma ta mayar da injinta baya. A 1965 Jim Clark ya kai Lotus Amurka ya ci Indianapolis 500. Daga wancan lokaci zuwa yau, duk motar Formula 1 da muke gani a talabijin zaman injinta irin na garejin Surbiton ne.

Nan ne ya kamata mu yi hattara da kewa, domin tana da ɗabi'ar tsallake wurare biyu. Na farko kuɗi. Gasar da aka ƙirƙira don mai ƙaramin ƙarfi ba ta jima a hannunsa ba. Da aka gano injin Norton ya fi na JAP, duk mai son nasara sai ya neme shi, kamfanin kuma ba ya sayar da injin shi kaɗai. Dole ka sayi babur ɗin tsere sukutum, ka cire injin ka sayar da gangar jikin. Mai haɗa mota a ɗakin ajiyarsa ya koma bayan layi, masu sayen sabuwar Cooper duk shekara suka mamaye gaba. A 1958 Giovanni Lurani na Italiya ya kawo Formula Junior, da injin motar gida, don a sake sauƙaƙa shiga. Kamfanoni suka shigo da direbobin albashi da injina masu tsada, zuwa ƙarshen 1963 aka naɗe ta. A watan Yuli na 1967 aka fara Formula Ford a Brands Hatch, da injin Ford Cortina da tayoyin motar titi, kuma aka ƙayyade cewa kada farashin mota ya wuce fam 1,000. Ta nan Emerson Fittipaldi ya bi a 1969, Ayrton Senna a 1981. Ita ma ƙa'idar farashin ba ta ɗore ba. Sau uku cikin kusan shekara ashirin aka buɗe ƙaramar ƙofa, kuma kowane karo kuɗi ya zo ya tsaya a bakinta. Ko Formula 1 kanta sai da ta ƙayyade wa kowace ƙungiya dala miliyan 145 a 2021.

Wuri na biyu da kewa kan tsallake shi ne mutuwa. Motocin wancan zamani ba su da bel, kuma tsakanin direba da 'yan kallo sau da yawa igiya ce da damin haki. Peter Collins da Stuart Lewis-Evans, dukansu sun taso daga ƙananan motocin cc 500, dukansu sun mutu a 1958, ɗaya a Jamus, ɗaya sakamakon ƙunar da ya samu a Maroko. Ecclestone, wanda ke kula da harkokin Lewis-Evans, ya janye daga harkar na wasu shekaru. Duk wanda ya ce a dawo da wancan zamani yadda yake, to ya haɗa har da wannan.

To me ya rage da ya cancanci kewa? A ganinmu gajartar tazara ce tsakanin mai sha'awa da fage. A 1950 mutum mai sufana da haƙuri zai iya gina mota, ya kai ta fili, ya tsaya layi ɗaya da wanda zai zama zakaran duniya. Yau yaro kan fara da ƙananan motocin kat tun yana firamare, iyayensa na kashe abin da ya fi ƙarfin yawancin gidaje, kafin ma a san ko yana da baiwa. Mafi yawan ƙungiyoyin Formula 1 har yanzu a Ingila suke zaune, McLaren a Woking, Williams a Grove, Red Bull a Milton Keynes, Mercedes a Brackley, kuma idan aka bi salsalar sana'ar za a tarar ta koma ga waɗancan kulob-kulob. Bruce McLaren direban Cooper ne kafin ya kafa nasa kamfanin, Ron Dennis da ya gaje shi daga baya kuma bakaniken Cooper ne.

Kulob ɗin ma ba su mutu ba. 500 Club ta sauya suna a 1954 ta zama BRSCC, 750 Motor Club kuma har yau tana shirya tsere a ƙarshen mako, gasarta ta 1949 na nan ana yi. Waɗanda ke shiga yawancinsu sun san ba za su taɓa kaiwa gasar duniya ba.

Mu da muke koyon rubuta tarihi, akwai abin lura a yadda ake ba da wannan labari. Mu kanmu a nan sunayen waɗanda suka yi nasara muka jera, Moss da Hill da Chapman, don su ne aka rubuta. Amma ba a tsere da mota ɗaya. Sai da aka samu mutum ashirin da suka biya kuɗin shiga suka zo na goma da na sha biyar, da wanda ya tsaya a kwana cikin ruwan sama riƙe da tuta, sannan aka samu fagen da Moss zai yi fice a kansa. Sunayen mafi yawansu sai dai a tsofaffin takardun shirin tsere da 'ya'yansu suka adana a akwati.