Tarihin Dokar Mililita 100: Abin da Ya Sa Ake Ƙwace Mana Ruwa a Filin Jirgi

Maƙalarmu ta wannan mako za ta waiwayi wata doka da duk wanda ya taɓa hawa jirgin sama zuwa ƙasar waje ya ci karo da ita, wato hana shiga jirgi da abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Saboda ita ake raba matafiya da ruwan sha, da zuma, da man shafawa, da kwalbar humra. Da yawanmu mun ɗauka haka abin yake tun fil azal, wasu kuma na ganin neman fitina ne kawai na jami'an tsaro. Gaskiyar magana, dokar tana da ranar haihuwa, tana kuma da dalili.

Tun kafin a kafa ta an san ana iya ɓoye abin fashewa a cikin kwalba. Ranar 29 ga Nuwamba 1987, wasu jami'an leƙen asirin Koriya ta Arewa su biyu suka hau jirgin Koriya ta Kudu da ya tashi daga Bagadaza. Suka bar rediyo mai ɗauke da bam da kuma kwalbar giya cike da ruwan fashewa a ma'ajiyar kaya ta saman kujeru, suka sauka a Abu Dhabi. Jirgin ya tarwatse a sararin tekun Andaman, mutum 115 suka halaka.

Bayan shekara bakwai, ranar 11 ga Disamba 1994, Ramzi Yousef ya shiga wani jirgin ƙasar Filifin da ruwan fashewa a cikin 'yar kwalbar ruwan wanke tabarau na mannawa a ido. Ya haɗa bam ɗin a bayin jirgi, ya saƙala shi a ƙarƙashin kujera, ya sauka a birnin Cebu. Da ya tashi, ya kashe wani fasinja ɗan Japan, amma matuƙin ya samu ya sauke jirgin a Okinawa. Daga baya aka gano gwaji ne na wani shiri na tarwatsa jiragen Amurka sama da goma. Duk da haka ba a hana kowa shiga jirgi da ruwa ba a lokacin.

Abin da ya sauya komai ya faru ne a Birtaniya a 2006. 'Yan sanda da jami'an leƙen asiri sun daɗe suna bibiyar wasu matasa a unguwar Walthamstow da ke gabashin Landan, har suka dasa na'urar ɗaukar hoto da murya a gidan da suke haɗuwa. Shirinsu shi ne su zuƙe lemon kwalba ta ƙasa ba tare da sun taɓa murfin ba, su ɗura wani sinadari da aka rina ya yi kama da lemon, ta yadda mai bincike zai ga kamar sabuwar kwalba ce daga kanti. An samu jerin jirage bakwai da suka ware, masu tashi daga filin jirgin Heathrow zuwa biranen Amurka da Kanada, irin su New York, Washington, Chicago, Toronto da Montreal.

A daren 9 ga Agusta wayewar 10 ga wata aka kama mutum 24. Da gari ya waye, matafiya a Birtaniya suka tarar an hana jakar hannu baki ɗaya. 'Yan ƙananan abubuwa irin su fasfo, tikiti, lalitar kuɗi da magani na dole kawai aka yarda a zuba a leda mai nuna abin da ke ciki. Mai goyo kuwa sai ta ɗanɗana madarar jaririnta a gaban jami'i. An soke tashin ɗaruruwan jirage, Amurka ma ta hana shiga da duk wani abu mai ruwa a ranar. A watan Satumba 2009 kotu ta samu mutum uku da laifin ƙulla tarwatsa jirage, aka yanke musu ɗaurin rai da rai. Jagoransu Abdulla Ahmed Ali sai ya shafe aƙalla shekara 40 a kurkuku kafin a duba yiwuwar sakinsa.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan karon ruwan ya doki kowa. Haramcin baki ɗaya ba abu ne mai ɗorewa ba, don haka aka nemi tsaka-tsaki. A ƙarshen Satumba 2006 Amurka ta sassauta, ta yarda da ƙananan kwalabe a cikin leda guda. Tarayyar Turai ta fara aiki da ƙa'idar mililita 100 ranar 6 ga Nuwamba 2006. Sai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ba ƙasashe shawarar su bi sahu daga Maris 2007. Ta wannan hanya dokar ta iso filayen jiragenmu na Kano, Abuja, Legas da Yamai.

To me ya sa 100? Dalilin yana ga na'ura. Tsohuwar na'urar haska kaya tana nuna siffar abu, tana gane ƙarfe da wuƙa da bindiga, amma ba ta iya bambance ruwan sha da ruwan fashewa. Tunda ba a iya tantance abin da ke cikin kwalbar ba, sai aka taƙaita yawansa zuwa gwargwadon da masana suka ga zai yi wuya ya kai ga kayar da jirgi. Shi ya sa aka ce duka kwalaben su shiga leda guda mai cin lita ɗaya. Shi ya sa kuma girman mazubin ake dubawa: babbar kwalba ko da ɗan kaɗan ya rage a gindinta ba za ta wuce ba, domin tana iya zama wurin haɗa abin da aka rarraba a ƙananan kwalabe. Magani da abincin jarirai na cikin abin da aka keɓe, su ma bayan an duba. Kuma a wajensu man goge baki, zuma, man shanu da duk abin da ake iya shafawa ko zubawa, ruwa ne.

Haka tsaron jiragen sama yake tafiya, kowane yunƙuri yana barin dokarsa. Richard Reid ya ɓoye bam a takalmi a Disamba 2001, aka koma sa mutane cire takalma, kuma sai a Yuli 2025 Amurka ta daina tilasta hakan. Umar Farouk Abdulmutallab ya ɓoye nasa a kamfai a Disamba 2009, aka yawaita na'urorin haska jiki. Kafa irin wannan doka kwana ɗaya ne, cire ta kuwa shekaru, domin babu jami'in da ke son a ce shi ya buɗe ƙofar da masifa ta shigo.

Yanzu an samu sabuwar na'ura mai aiki irin na hoton asibiti da ake kira siti-sikan. Tana jujjuya hoton jaka ta kowane ɓangare, tana kuma auna nau'in abin da ke ciki. Da ita filin jirgin London City ya cire iyakar mililita 100 a Afrilu 2023. Sai dai a Yuni 2024 gwamnatin Birtaniya ta maido da ita, Tarayyar Turai ma ta yi haka daga 1 ga Satumba 2024, saboda shakku kan ingancin na'urorin. A Yuli 2025 filayen Birmingham da Edinburgh suka sake cirewa, suka yarda da mazubi har na lita biyu.

Abin lura gare mu shi ne waɗannan na'urori suna da tsada da nauyi, har wasu filayen sai an sake ginin wurin bincike kafin a girka su. Ke nan dokar da ta shigo duniya kusan lokaci guda ba za ta fita lokaci guda ba, kuma filayen da ba su da ƙarfin saye su za su fi daɗewa da ita. Matafiyi na iya tashi daga inda aka bar shi da babbar kwalba, a ƙwace ta a inda zai sauya jirgi. Saboda haka ɗalibinmu mai tafiya karatu, da ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ko Sin, da maniyyaci, kowa ya sa tsarabarsa mai ruwa a babban akwati in kamfanin jirgin ya yarda, ya ɗaure ta da kyau. Jami'in da ke bakin na'ura ba shi ya kafa dokar ba, kuma magiya ba ta sauya ta.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.