Tarar Hanya da Takardunta a Ƙasar Kazaure da Babura

Yankin arewa maso yammacin Jihar Jigawa ya daɗe yana zaman mashigar matafiya, domin ta Kazaure ne babban titin da ya taso daga Kano ya bi Ɗambatta yake wucewa zuwa Daura da iyakar Kwangwalam, sannan ta Babura ne ake fita Babban Mutum a shiga Magarya a Jamhuriyar Nijar. Roni da Gwiwa suna gefen yamma, kusa da ƙasar Katsina, kuma su biyun suna cikin masarautar Kazaure wadda Ɗantunku ya kafa a farkon ƙarni na 19, yayin da Babura ta zauna ƙarƙashin masarautar Kano har zuwa 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jigawa aka sa ta cikin sabuwar masarautar Ringim. Duk inda hanya ta yi albarka irin wannan ba a rasa mai tsayar da matafiyi ya nemi kuɗi, saboda haka tarihin tara a wannan yanki ya fi karkata ga tambaya guda, wato ina kuɗin yake shiga bayan an karɓa, kuma wace takarda ce take shaida an biya.

Kafin zuwan mota, abin da fatake suka sani shi ne fito, wato kuɗin da madugu yake biya a madadin ayarinsa domin a bar su su wuce ƙasar wani sarki cikin aminci. Wannan ba hukuncin laifi ba ne, ladan wucewa ne, kuma yawansa ya danganta da ƙarfin mai karɓa da iya bakin madugu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa ɗora wa 'yan kasuwa da matafiya haraji, da karɓe dukiyar mai laifi a maimakon tsayar masa da hukuncin shari'a, cikin ayyukan da ya soki sarakunan Haɓe da su a Kitabul Farƙi, abin da yake nuna cewa tun wancan zamani malamai suna ɗari-ɗari da kuɗin da hukuma take karɓa da sunan horo. Ɓarnar da ta auku a kan hanya kuwa tana da babinta a fiƙihun Malikiyya, domin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban ilimi suke karantawa a zaurukan wannan yanki har gobe, ta ɗora lamunin abin da dabba ta tattake a kan mai hawanta da mai janta da mai korarta. Abin lura a nan shi ne, biyan yana zuwa ne hannun wanda aka cuta ko magadansa, kuma idan babu wanda aka cuta to babu ƙara.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, gwamnatin Lugga ta ci gaba da karɓar kuɗin ayari na 'yan shekaru, har aka soke shi a 1907. Canjin da ya fi tasiri shi ne kafa baitulmalin En'e, wanda aka fara a Katsina ya kuma bazu zuwa sauran masarautu daga wajen 1911, domin daga nan ne aka yanka wa alƙali albashi, aka hana shi ci daga abin da kotunsa ta tara, aka kuma wajabta rubuta kowace shari'a a littafi tare da yanka rasit ga duk wanda ya biya. Muhuti, wato malamin da yake taimaka wa alƙali, shi yake rubuta sunayen masu ƙara da hukuncin da aka yanke, galibi da Larabci, sannan Di'o ya duba littafin idan ya zo rangadi ya gwada shi da abin da ya shiga baitulmali. Manufar Turawa ita ce tsare kuɗin shiga, amma talaka ya sami wani abu a ciki, tun da a karon farko yana da 'yar takardar da zai nuna idan aka sake tare shi a kan abin da ya riga ya biya.

Dokar mota ta zo da wani irin laifi da mutanen ƙasar ba su saba da shi ba. An yi dokar farko a kudancin Najeriya a 1913, aka faɗaɗa ta zuwa duk ƙasar a 1916, sannan dokar zirga-zirgar ababen hawa ta 1947, wadda ta fara aiki a farkon 1949, ta zama ginshiƙin lasisin tuƙi da rajistar mota da duba lafiyarta. A ƙarƙashin wannan tsari ana cin direba tara ko da bai buge kowa ba, saboda kawai fitilarsa ta mutu ko lasisinsa ya ƙare, kuma kuɗin yana tafiya asusun gwamnati ne. Hikimar abin a fili take, domin mota tana kisa kafin a ankara, kuma rigakafi ya fi magani, sai dai ga mutumin da ya taso da fahimtar cewa biya yana bin ɓarna ne, irin wannan tara ta fi kama da fiton zamanin da, kuma har yanzu da wannan ido direbobi da yawa suke kallonta. Akwai kuma wata wahala ta musamman ga mutanen iyaka: a wancan lokaci Najeriya tana tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila, Nijar kuwa ta dama irin na Faransa, don haka direban da ya tashi daga Babura zuwa Magarya sai ya sauya hannu da zarar ya ƙetare, har zuwa 2 ga Afrilu 1972 da Najeriya ta koma hannun dama.

Kotunan ma sun sauya hannu. Kundin hukunta laifuka na Arewa ya fara aiki a 1960, sannan a 1968 gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, ta mayar da kotunan alƙalai ƙarƙashin gwamnatin jiha da sunan kotunan yanki, aka kuma shigar da 'yan doka na En'e cikin rundunar 'yan sandan ƙasa. Ko bayan da Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, laifukan da suka taso daga dokokin hanya na tarayya gaban majistare suke zuwa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda direbobi suke kira rod sefti, an kafa ta ne a Fabrairun 1988 a zamanin Janar Ibrahim Babangida, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, kuma majalisa ta sake yi mata doka a 2007. Ita ce ta yaɗa tsarin takardar sanarwar laifi, wato fom mai ɗauke da jerin laifuka da kuɗin kowanne, wanda jami'i zai yi wa alama, ya rubuta lambar mota da sunan direba, ya riƙe lasisi ko takardun mota, ya miƙa wa direban kwafinsa. Jadawalin dokar 2007 ya sa naira 2,000 ga wanda bai ɗaura bel ba, naira 4,000 ga mai waya yana tuƙi, naira 10,000 ga lodin da ya wuce ƙima, da naira 50,000 ga tuƙin ganganci. Wanda ya amsa laifinsa ya biya, maganar ta ƙare ba tare da zuwa kotu ba. Wanda ya musa kuwa yana da damar a gurfanar da shi, sau da yawa a kotun tafi-da-gidanka, wato majistaren da babban jojin jiha ya ba izinin zama a bakin titi, da teburi da kujeru a ƙarƙashin rumfa ko inuwar itace, yana yanke hukunci nan take.

Ginshiƙin wannan tsari shi ne raba hannun da ya kama da hannun da zai karɓa, wato dai manufar baitulmali ce ta dawo cikin sabuwar riga. An haramta wa jami'i karɓar kuɗi a kan titi, aka ce a je banki, sannan daga 2015, da aka tilasta wa hukumomin tarayya amfani da asusun bai ɗaya, biyan ya koma ta manhajar Remita, inda ake ciro lambar biya ta musamman, a biya a banki ko ta waya, a kai shaidar ofishin hukumar kafin a karɓo takardun da aka riƙe. Tsarin ya toshe ƙofar ɓatan kuɗi tsakanin titi da asusu, amma ya buɗe wata a bakin shinge. Direban da ya ɗauko fasinja da buhunan gero daga wani ƙauyen Gwiwa ranar kasuwa, idan aka rubuta masa takarda, sai ya sauke mutane, ya nemi shagon kwamfuta da zai ciro masa lamba, ya jira sabis ya dawo, ya biya ladan mai shago, sannan ya koma ofis, kuma kafin ya gama kasuwa ta watse. Asarar yinin ta fi tarar kanta ciwo, kuma wannan ne yake sa na goro ya zama mafi sauƙi a idonsa, alhali shi ne biyan da ba ya barin wata shaida. Nauyin wannan nisa ya fi faɗawa kan mutanen karkara, waɗanda bankuna da ofisoshi suka yi wa nisa, kuma laifin tsari ne kafin ya zama laifin direba.

Neman bayanin tsohuwar shari'a ya danganta da zamanin da aka yi ta. Takardun mulkin Turawa na Lardin Kano, wanda Kazaure take cikinsa, suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, wasu kuma a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano, kuma daga irin waɗannan littattafai ne Allan Christelow ya fassara shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914. Shari'ar da aka yi a kotun majistare kuwa tana cikin littafin da majistaren ya rubuta da hannunsa, kuma mai buƙata yakan rubuta wa rajistara takardar neman kwafi mai hatimi, ya kawo lambar ƙarar da shekararta, ya biya kuɗin da aka ƙayyade a yanka masa rasit. Tarar da aka biya ba tare da zuwa kotu ba ba ta shiga wannan littafi ko kaɗan, tana cikin rumbun bayanan hukumar da ta yanka ta ne, don haka idan aka yi gardama bayan shekara ɗaya ko biyu, lambar biya da rasit ɗin da direba ya adana cikin takardun motarsa su ne hujjar da take hannunsa.