Asalin Kalmomin Nuna Wuri a Japananci

Kalmomin da Japananci ke nuna wuri da su, irin su ue (sama), shita (ƙasa), naka (ciki), mae (gaba) da ushiro (baya), suna cikin abin da ɗalibi ke fara cin karo da shi. A kansu ake yawan gardama: da furuci za a fara, ko da haruffan kanji? Masu fifita haruffa suna ganin daga Sin komai ya zo, saboda haka harafi ne tushe. Tarihi bai ba su gaskiya duka ba.

Kalmomin sun riga rubutun. Haruffan Sin sun shiga Japan, galibi ta hanyar Koriya, aka soma rubutu da su wajen ƙarni na 5. Kafin a kammala littafin Kojiki a 712, an riga an saba ɗora harafin Sin a kan kalmar gida. Shi ya sa ake karanta 上 da ue idan yana shi kaɗai, amma jō a cikin kalmomin aro. Harafin baƙo ne da ya tarar da mai gida a zaune.

Tushen wasu kalmomin jiki ne da rana. Masana suna mayar da mae zuwa ma, wato ido, da he, wato gefe: wajen da ido ke kallo. Higashi, gabas, ya fito daga tsohuwar kalma himukashi, fuskantar rana. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, tunda shi ma da jikinsa yake kwatance: bakin kasuwa, bayan masallaci, cikin rumbu, kan tudu. Har ginin ya zo ɗaya. Tsukue no ue daidai yake da "kan tebur", sunaye biyu da mahaɗi, sai dai an juya jerin. Ɗalibin garin Ɗan Kassari na Nijar da ya bi ta littafin Faransanci yakan ɗauki ue a matsayin sur, ya sha wahalar banza, alhali amsar tana cikin harshen da ya tashi da shi.

Inda masu ra'ayin Sin ke da hujja shi ne fada. A 794 Sarki Kanmu ya kafa Heian-kyō, Kyoto ta yau, bisa tsarin birnin Chang'an na Sin. Fada tana arewa, sarki yana fuskantar kudu, don haka hagunsa ce gabas. Har yanzu gundumar Sakyō, "birnin hagu", tana hannun dama a taswira, abin da ke rikita baƙi. A adireshin Kyoto, agaru, hawa, na nufin a yi arewa, sagaru, sauka, a yi kudu, domin wajen sarki ake hawa.

Da aka sauya wa Edo suna zuwa Tokyo a 1868, sarki ya koma can, hawa ma ya bi shi. Jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Shimbashi da Yokohama a 1872, kuma a manyan layukan ƙasar jirgin da ya nufi Tokyo shi ne nobori, mai hawa, wanda ya baro ta kudari, mai gangara, ko da daga arewa ya taso. Mutumin Ɗan Kassari bai san wannan ba. Dogondutsi yamma take, Ƙonni gabas, ko wa ke mulki a Yamai.

A 1936 masanin harshe Sakuma Kanae ya tsara jerin da ake kira ko-so-a-do: koko kusa da mai magana, soko kusa da mai sauraro, asoko nesa da su duka, doko kuma tambaya. Hausa ma tana da wannan bambanci, amma da karin sauti take raba "nan" na wurina da "nan" na wurinka, abin da rubutun boko ba ya nunawa.

A makarantun firamare na Japan, haruffa 80 na aji ɗaya sun ƙunshi sama, ƙasa, tsakiya, hagu da dama. Gaba, baya da jihohi huɗu, wato gabas, yamma, kudu da arewa, sai a aji biyu, ga yaran da suka daɗe suna furta kalmomin a gida.