Labarin Shari'a a Ƙasar Yankara, da Yadda Wanda Aka Tuhuma Ya ke Kare Kansa

Yankara gari ne a ƙasar Faskari, bisa hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta nufi Gusau, kusa da iyakar Katsina da Zamfara. Shi da Ƙanƙara da Sabuwa duk suna cikin yankin nan na kudu da a ke kira Katsina Laka, ƙasar dawa da auduga da shanu. Inda dukiya ta taru kuwa, ba a rasa ƙara. Abin da mu ke so mu ba da labari a nan shi ne halin mutumin da aka kama, aka ce ya yi sata ko ya yi kisan kai, da ƙofofin da shari'a ta buɗe masa don ya wanke kansa, tun daga zamanin En'e har zuwa yau.

Tun kafin Turawa su zo, alƙalan ƙasar Katsina da mazhabar Maliki su ke hukunci. Littattafansu su ne Risala da Muhtasar da Tuhfa. Tushen al'amarin shi ne, mai da'awa shi zai kawo shaidu, ba wanda aka yi ƙara ne zai nemo shaidar cewa bai yi ba. In an kawo shaidun, wanda a ke tuhuma yana da ikon sukarsu. Ya iya cewa wannan maƙiyina ne, mun yi rikicin gona bara, ko kuwa wancan ɗan'uwan mai ƙara ne, ko ba adili ba ne. In sukar ta tabbata, shaidar ta faɗi. Sa'an nan akwai i'izari, watau kafin alƙali ya yanke hukunci lalle ya tambaye shi ko yana da sauran hujja, in ya ce yana da ita a ba shi kwanaki ya kawo. Wanda ya yi iƙirari kuma a kan laifin haddi, kamar zina, yana iya janyewa, kuma shubuha tana tunkuɗe haddi. Amma sha'anin jini yana da tsanani. In akwai alama mai ƙarfi a kan mutum, dangin mamaci suna iya yin ƙasama, watau rantsuwa 50, su nemi ƙisasi.

Cikin 1903 Turawa suka shigo Katsina. Gwamna Lugga ya bar alƙalai bisa aikinsu, sai dai ya hana yanke hannu da jefewa, ya kuma ba Razdan da Di'o ikon duba littattafan shari'a. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, Allah ya ji ƙansa, aka kafa Baitulmali, aka yanka wa alƙalai albashi, kuɗin tara da na ƙara suka riƙa shiga aljihun En'e maimakon aljihun mai hukunci. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne ga talaka, gama alƙalin da ba shi da rabo cikin tara ya fi sauƙin sauraron uzuri.

Aka kasa ɗakunan shari'a hawa huɗu. Alƙalin gunduma ikonsa ƙayyadadde ne, yana yin hukuncin ƙananan laifuffuka, ɗauri kaɗan da tara da bulala. Shari'ar kisan kai kuwa sai Majalisar Sarki a birnin Katsina, kuma ko Sarki ya yanke hukuncin kisa ba a zartarwa sai Gwamna ya sa hannu. To, ku dubi halin mutumin Yankara da aka ce ya kore shanun wani. Mai gari ya kama shi, ya aika da shi wurin hakimi, hakimi ya haɗa shi da dogari zuwa gaban alƙali. In abin ya yi girma, a tasa shi har birni, tafiyar kwanaki a ƙasa, ya zauna gidan waƙafi yana jira. Shaidunsa kuwa manoma ne, in damina ce wa zai bar gonarsa ya bi shi? Sau da yawa nisa ya kan kā da mutum tun hujja ba ta kā da shi ba. Lauya kuma doka ta hana shi tsayawa gaban alƙali, saboda haka bakin mutum shi ne garkuwarsa.

Cikin 1933 Gwamna Kamaru ya sake tsarin shari'a, ya buɗe hanyar ɗaukaka ƙara daga kotunan En'e har zuwa kotunan Gwamnati. Cikin 1934, shekarar da Katsina ta zama lardi mai zaman kanta, aka buɗe makarantar alƙalai a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan. Da hanyar afil ta buɗe, sai shari'u biyu suka fara karo da juna. Cikin 1947 aka yi shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu. Majalisar Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa, don ya kashe mutum da gangan. Da magana ta kai Kotun Afil ta Afirka ta Yamma, sai ta ce a dokar Turawa wanda aka tsokana har zuciya ta ɗebe shi ba a kashe shi, ta soke hukuncin. Sarakuna da alƙalai suka ji zafin wannan ƙwarai, aka yi ta gyaran doka shekara da shekaru. Cikin 1959 kuma aka yi shari'ar Guri da En'e ta Haɗeja. An yanke masa kisa bisa laifin fashi, ba a bar shi ya faɗi nasa ba, don an ɗauka mai fashi ba shi da bakin magana in shaidu sun tabbata. Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ce wannan ya saɓa wa adalci, ta rushe hukuncin. Daga nan kowane alƙali, har na ƙauye, ya san hukuncin da aka yanke ba a ji ta bakin mutum ba gini ne bisa rairayi.

Da mulkin kai ya matso, cikin 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira masana shari'a, shugabansu Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Bisa shawararsu aka yi dokar Final Kot da dokar tsarin bin shari'ar laifi, suka fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960. Laifuffuka suka zama a rubuce, kowanne da iyakar horonsa. Cikin 1968 aka ɗauke kotuna daga hannun En'e, aka rufe shari'ar Majalisar Sarki, kotunan alƙalai suka koma kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha. 'Yan doka da gidajen yari su ma suka koma hannun Gwamnatin Tarayya. Cikin 1976 En'e kanta ta ba ƙananan hukumomi wuri. Tsarin mulki na 1979, da na 1999 a sashe na 36, suka tabbatar wa kowa da cewa ba shi da laifi sai an tabbatar, a gaya masa tuhumarsa da harshen da ya ke ji, a ba shi lokacin shiri, ya kare kansa da bakinsa ko da lauyan da ya zaɓa.

Kada a zaci sabuwar doka ta binne tsohuwar hikima. Bayan jihar Katsina, wadda aka kafa cikin 1987, ta maido da shari'ar Musulunci kan laifuffuka cikin 2000, kotun Bakori, maƙwabciyar ƙasar Faskari, ta yanke wa wata mace hukuncin jefewa a watan Maris na 2002, babbar kotun Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta. Ran 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta, alƙalai huɗu cikin biyar suka yarda. Hujjojin da suka cece ta mafi yawa daga littattafan Malikiyya aka ɗebo su: tana da ikon janye iƙirarinta, kuma akwai shubuhar kwantaccen ciki daga mijin da ya sake ta. Ga shi kuma alƙalin farko ya zauna shi kaɗai, alhali doka ta ce a zauna su uku.

To, ya ku ma'aikatan sarauta, magadan ma'aikatan En'e, hakimai da dagatai da masu unguwa da magatakarda, yanke hukuncin laifi ya bar hannunku, amma har yanzu ƙofarku ce talaka ya ke fara bugawa. A ƙasar nan da satar shanu da ta'adin 'yan bindiga suka dama tun wajen 2011, zuciya tana saurin cewa duk wanda aka nuna da yatsa ɓarawo ne. Nan ne wurin yin hattara. Ku miƙa wanda aka kama ga hukuma da ransa da lafiyarsa, ku faɗi abin da kuka sani a kansa, na kirki da na tsiya, ku taimaki shaidunsa su isa kotu. Wanda aka ɗaure bisa kuskure, iyalinsa ne ke kwana da yunwa, ɓarawon gaskiya kuwa yana daji yana dariya.

Allah ya ji ƙan alƙalanmu da suka riga mu, ya ba na yanzu ikon tsare gaskiya, ya zaunar da ƙasar Katsina lafiya. Amin. Haza wasalam.