Dokin da Ake Yi wa Magana da Ƙugu: Tarihin Wasan Diresaj

Ranar nan ina zaune a majalisa ina kallon wani bidiyo a waya, sai abokina ya leƙo ta kafaɗata. Wata Baturiya ce a kan akawal, ta sha baƙar kwat mai jela, dokin yana ɗaga ƙafafu bi da bi a wuri guda kamar mai taka garwashi, kiɗa na tashi. Ya daɗe yana kallo, can ya ce, "To ita wannan me take yi? Ai dokin ne ke shan wahala, ita zama kawai ta yi." Na yi dariya, don da matar za ta ji shi, da godiya za ta yi masa. Abin da ta kwashe shekaru tana nema ke nan: a kalle ta a ce ba ta yin komai.

Sunan wasan diresaj. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta horo. Wasu kan ce masa rawar doki, amma rawar ta zo ne daga baya. Asalinsa ladabtar da dokin yaƙi ne, yadda zai tsaya cak, ya juya a kan kofato, ya yi gefe, ya yi baya, alhali hannun mahayi ɗaya yana riƙe da takobi.

Idan ana ba da tarihin, da Zenofon ake farawa, wani sojan Girka kuma ɗalibin Sokiratis, wanda ya rayu kusan shekara ɗari huɗu kafin haihuwar Annabi Isa. Ya bar ɗan ƙaramin littafi kan hawan doki. Abin mamaki shi ne mutumin da ya sha gumurzu a fagen fama shi ne yake hana a tunkari doki cikin fushi, yake cewa a saka masa da alheri in ya yi daidai, kuma abin da aka tilasta wa dabba ba ya taɓa yin kyawun gani. Ku riƙe wannan, domin duk rigimar da ake yi a wasan har yau a kanta ake yi.

Daga nan sai a tsallako zuwa Italiya. A birnin Nafoli wani Federico Grisone ya buɗe makarantar hawa, ya fitar da littafinsa a 1550, kuma 'ya'yan sarakunan Turai suka yi ta tururuwa suna koyo. Gwani ne, amma ba shi da imani. Cikin shawarwarinsa ga dokin da ya turje ya ƙi gaba har da a ɗaure mage a kan doguwar sanda a cusa ta ƙarƙashin cikinsa ta yi ta yaƙushi, ko a ɗaura masa bushiya a gindin wutsiya. Wannan fa ba almara ba ce, a rubuce take, kuma an fassara littafin cikin harsuna da dama ana karantawa kamar wani abin kirki.

Faransawa ne suka sanyaya abin. Antoine de Pluvinel, wanda ya koya wa Sarki Luwi na 13 hawa, ya dage a kan lallashi da yabo, ya ɗauki doki a matsayin ɗalibi mai hankali. Bayansa da shekara ɗari aka yi La Guérinière, wanda littafinsa na 1733 ya zama kamar Ishiriniya a wajen mahaya, kowa ya haddace. Shi ya tsara wani atisaye da ake sa doki ya karkato kafaɗarsa ciki yana tafiya gaba, abin da ke laushe masa jiki ya kuma tilasta wa ƙafar baya ta shigo ƙarƙashin ciki ta ɗauki nauyi. Sirrin wasan ke nan a taƙaice. Doki a halittarsa gabansa ya fi ɗaukar nauyi, ga wuya ga kai, sannan a ɗora masa mutum. Aikin mai horo shi ne ya mayar da nauyin nan baya sannu a hankali har gaban ya yi sakayau. Tsoka ce ake ginawa, ita kuwa tsoka ba ta san gaggawa ba.

Wanda yake son ya ga wannan tsohon salo da idonsa sai ya je Biyana, babban birnin Ostiriya. Can akwai makarantar hawa da ake kira ta Sifaniya, saboda asalin dawakinta daga Sifaniya aka kawo su, kuma tarihinta ya koma har 1565. Zauren da suke wasa a ciki an gama gina shi a 1735, fari tas, da fitilu na alfarma kamar ɗakin biki, kuma har gobe duk mahayin da ya shigo sai ya cire hula ya gaida hoton Sarki Charles na 6 da ya sa aka gina. Dawakin su ne Lifizana, daga wata barga da aka kafa a Lipica a 1580. Ana haihuwarsu baƙaƙe ko jajaye masu duhu, sai da shekaru su rikiɗe su zama kili. A jininsu akwai na dawakin Arewacin Afirka, wanda shi ma ya ratso Sahara ya shiga bargojin sarakunanmu, don haka akwai 'yar dangantaka ta nesa. Yaron da ya shiga makarantar yakan fara da shara da goge sirdi, sannan a ɗora shi kan tsohon ingarma ba linzami a hannunsa, ba likkafa a ƙafarsa, malami na riƙe da doguwar igiya dokin na kewayawa. Wata da watanni yana haka, ba abin da yake koyo sai zama. Kafin a kira shi cikakken mahayi sai ya kusa shekara goma, wani ma ya wuce. Mata kuwa sai a 2008 aka fara ɗaukarsu.

A 1945, ana cikin yaƙin duniya, saura ƙiris a rasa irin dawakin nan baki ɗaya. Jamusawa sun kwashe goɗiyoyin sun kai Hostau a ƙasar Cek, rundunar Rasha na matsowa, ga yunwa, ana tsoron a yanka su. Sojojin Amurka da ke ƙarƙashin Janar Patton, wanda shi kansa tsohon mahayi ne, su suka shiga suka koro su zuwa yamma.

Diresaj ya shiga gasar Olamfik a 1912 a Stockholm, wani ɗan Suwidin mai suna Carl Bonde ya ci. Amma sharaɗin shi ne sai hafsan soja. Ba farar hula, ba mace, ba ma ƙaramin soja. Wannan doka ta haifar da abin dariya a Landan a 1948. 'Yan Suwidin suna da wani saja, Gehnäll Persson, wanda hawa ya zauna masa fiye da manyansa. Sai suka yi dabara, suka ƙara masa girma ana gab da gasa, suka ci zinare, aka dawo gida aka mayar da shi matsayinsa. Abin da ya tona asirin hula ce, an lura ta saja ce a kansa. Shekara na zagayowa aka ƙwace zinaren aka ba Faransa. Kunyar abin ta sa aka soke dokar, Persson kuma ya dawo ya ci zinare tare da tawagarsa a 1952 da 1956.

Soke dokar ne ya buɗe wa Lis Hartel ƙofa, kuma a wajena labarinta shi ne amsar tambayar abokina. 'Yar ƙasar Danmak ce, zakarar ƙasarta, sai shan inna ya kama ta a 1944 tana da shekara 23, ga ciki. Ta haihu lafiya, ta koyi rarrafe, ta koyi tafiya da sanduna, amma daga gwiwa zuwa ƙasa ƙafafun ba su dawo ba, hannuwan ma sun taɓu. Likitoci suka ce batun doki ya ƙare. A Helsinki a 1952 sai da aka ɗauke ta aka ɗora a kan goɗiyarta Jubilee, ta shiga fili ta kara da hafsoshin Turai, ta zo ta biyu. Wanda ya zo na ɗaya, Henri Saint Cyr na Suwidin, shi ya je ya taimaka mata ta hau dandamalin karɓar lambar. Bayan shekara huɗu ta sake cin azurfa. To matar da ba ta iya matsa ƙauri, balle ta soka kaimi, da me take magana da dabba mai nauyin fiye da rabin tan?

Da zama. Doki yana jin ƙuda ya sauka a fatarsa har ya karkaɗe wurin, saboda haka nauyin mutum ya ɗan karkata hagu ko dama ba ƙaramin zance ba ne a wurinsa. Mahayi ya ɗaure cikinsa na ƙiftawar ido, dokin ya san ana cewa ya tattaro kansa, wani abu na tafe. Ya saki ƙugu, dokin ya miƙe taku. Ƙauri ya taɓa daidai majayi, ma'ana daban. Ya ja baya da ɗan yatsa uku, ma'ana daban. A babban aji ƙarfe biyu ne a bakin dokin, igiya huɗu a hannun mahayi, amma matsin bai kamata ya wuce na mai matse soso ba. Murya kuwa haramun ce, ko ƙyacci aka ji ka yi da harshe sai an rage maka maki.

Filin mita 60 ne a tsaye, 20 a kwance, da haruffa a gefe, kuma kowane motsi yana da harafin da za a fara shi da wanda za a ƙare. A Olamfik alƙalai bakwai ke kewaye da kai, kowa na ba kowane motsi maki daga sifiri zuwa goma. Akwai sassarfa a wuri guda, wadda abokina ya gani, taku 12 zuwa 15 ba gaba ba baya. Akwai juyi a kan ƙafar baya cikin ƙaramar sukuwa, taku shida zuwa takwas a gama da'ira. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne canjin ƙafa: dokin na sukuwa, a kowane taku sai ya sauya ƙafar da ke jagora yana sama bai dira ba, sau 15 a jere a kan layi miƙaƙƙe. Mahayi na ba da umarnin taku na gaba tun na yanzu bai ƙare ba, yana ƙirga, yana duban harafin da zai dosa, fuskarsa kuma kamar mai jiran shayi. Ya makara da rabin daƙiƙa, lissafi ya watse a gaban duniya. Shi ya sa ba a yarda doki ya shiga wannan aji sai ya kai shekara takwas, kuma shi ya sa tsufa ba ya korar mutum daga wasan. Hiroshi Hoketsu na Jafan ya yi gasa a Landan a 2012 yana da shekara 71.

Kiɗa ya shigo Olamfik a 1996 a Atlanta, daga nan kuɗi da 'yan kallo suka ƙaru. Wani baƙin ingarma na Holan, Totilas, ya fara haura maki 90 cikin ɗari a 2009, sannan Charlotte Dujardin ta Birtaniya da dokinta Valegro suka kai 94.3 a Landan a 2014. Sai dai inda kuɗi ya shiga gaggawa ta shiga, kuma Grisone bai mutu ba, kaya kawai ya canza. An yi yayin janyo kan doki har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, ana ganin harshen wani ya yi shuɗi don matsi, sai da hukumar wasannin dawaki ta duniya ta haramta yin hakan da ƙarfi a 2010. Yanzu in alƙali ya ga jini a bakin doki ko a haƙarƙarinsa, ƙararrawa zai kaɗa a fitar da kai. A 2024, ana saura kwanaki a fara gasar Faris, wani bidiyo ya fito na Dujardin ɗin nan, mai zinaren Olamfik uku, tana zabga wa dokin wata ɗaliba bulala a ƙafafu fiye da sau 20. Ta janye, aka dakatar da ita shekara guda. Ni dai tun daga ranar, in na ga doki yana ɗaga ƙafa sama fiye da kima, wutsiya nake kallo da kunnuwa, don su ba sa ƙarya.

An yi gasar ba da ita ba, a lambun fadar Basai, inda sarakunan Faransa suka yi tasu makarantar hawa. Jessica von Bredow-Werndl ta Jamus ta ɗauki zinare, Isabell Werth mai shekara 55, wadda ta tara zinaren Olamfik takwas, ta bi mata, Charlotte Fry ta Birtaniya ta zo ta uku. Mata zalla, shekara 72 bayan an ɗora Lis Hartel a kan dandamali. Da na gaya wa abokina cewa ta ɗaya da ta biyu duk goɗiya suka hau, sai ya miƙo mini wayata, ya ce shi a gidansu ko ɗan barga ba ya hawa goɗiya ranar hawan sallah.