Daga Musa Jakollo zuwa Uƙuba: Nazari a kan Salsalar Gidan Fodiyo

Sau da yawa ɗaliban da ke rubuta tarihin gidajen Fulani na Gusau da Bunguɗu kan buɗe babin nasaba da sunan Uƙuba bin Nafi'u, tamkar magana ce da aka gama tabbatarwa. Ya kamata a auna ta da salsalar gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754-1817), domin tana cikin waɗanda aka fi kiyayewa a rubuce a ƙasar Hausa.

Abdullahi ɗan Fodiyo ya jera kakanninsu a cikin Ida'un Nusukh (1227H/1812), tun daga mahaifinsu Muhammadu Fodiyo, da Usmanu, da Salihu, da Haruna, da Muhammadu Gurɗo, har zuwa Musa Jakollo, wanda ya taso da jama'arsa daga Futa Toro ya sauka ƙasar Ƙonni. Murray Last ya ƙirga zuriya 11 tsakanin Musa da Shehu, ya ƙiyasta wannan ƙaura a wajajen 1450. Ƙiyasin bai saɓa wa ƙa'idar Ibn Khaldun ta cikin Muƙaddima ba, wadda ke ba kowace shekara 100 uba uku.

Daga kan Musa zuwa baya ne ruwaya ta yi rauni. Uƙuba bin Nafi'u, wanda ya kafa Ƙairawan a 50H, ya yi shahada a Tahuda ta Aljeriya a 63H/683. Tsakaninsa da Musa akwai kusan shekara 770, wato kakanni kimanin 23 bisa waccan ƙa'ida, kuma a kan Musa jerin sunayen Abdullahi ya tsaya. Bugu da ƙari, majiyoyi ba su haɗu a kan wane Uƙuba ake nufi ba: wasu sun ce bin Nafi'u, wasu bin Amir, wasu kuma bin Yasir. Da a isnadin hadisi aka sami irin wannan, da malamai sun hukunta shi da yankewa da iɗɗirabi.

Ba ina nufin a jefar da ruwayar ba, domin tana nuna yadda Toronkawa suka ɗauki asalinsu da matsayinsu a Musulunci. Amma shaharar labari daban, tabbatuwar nasaba daban, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito kashedi mai tsanani ga wanda ya danganta kansa ga wanin ubansa alhali yana sane. A ganina, ɗalibi ya rubuta “an tabbatar” har zuwa kan Musa Jakollo, daga nan kuma ya rubuta “an ce”.