Shafin na Choggu ne, uwar garken tana ƙetare

A Choggu, unguwar da ke gefen Tamale a ƙarƙashin gundumar Sagnarigu, ba abin mamaki ba ne a ga makaranta ko ƙungiyar agaji ta rubuta adireshin shafinta na intanet a jikin allon ƙofa. Abin da mai wucewa bai cika tambaya ba shi ne inda kwamfutar da ke riƙe da shafin, wato uwar garke, take. Sau da yawa ba a Tamale take ba, ba ma a Ghana ba. Tana can cikin wani ɗaki mai sanyi a Turai ko Amurka, matashin da ke kula da ita kuwa bai taɓa ganinta da idonsa ba. Wannan nisa yana da tarihi.

Uwar garke ta farko da ta ɗauki shafin yanar gizo ta fara aiki ne a 1990 a cibiyar bincike ta CERN, a hannun Tim Berners-Lee. Shekara biyar kacal bayan haka Ghana ta shiga sahu. A 1995 kamfanin Network Computer Systems na Dokta Nii Narku Quaynor ya haɗa ƙasar da intanet kai tsaye ta hanyar kamfanin Pipex na Ingila, a shekarar ce kuma aka samu lambar ƙasa ta .gh. Quaynor, wanda ya kafa sashen kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Cape Coast, bai tsaya ga sayar da layi ba. Yana cikin waɗanda suka assasa AfNOG a 2000, taron da ya koya wa matasan Afirka masu yawa yadda ake ɗora uwar garke, a saita ta, a tsare ta daga ɓarayin intanet. Ya cancanci lambar yabo ta Jon Postel da aka ba shi a 2007.

Sai dai duk wannan hidima a bakin teku ake yinta. Wayar SAT-3 da ta bi ƙarƙashin ruwa a Akara ta sauka, ta fara aiki a 2002. Katafaren shagon intanet na BusyInternet da aka buɗe a 2001 a Akara yake. Mahaɗar intanet ta ƙasa, GIX, wadda aka ƙaddamar a 2005 don kada saƙon da ya tashi daga Ghana zuwa Ghana ya riƙa zagayawa ta Landan, ita ma can take. Tamale kuwa tana da nisan kimanin kilomita 600 daga wurin.

Arewacin Ghana dama ya saba da jira. An gama madatsar Akosombo tun 1965, amma wutarta ba ta iso Tamale ba sai ƙarshen shekarun 1980. Haka intanet ya bi sawu. A farkon shekarun 2000, ofisoshin ƙungiyoyin agaji da shagunan intanet na garin sun dogara ne da layin tarho mai jan ƙafa ko farantin tauraron ɗan'adam mai ɗan karen tsada. Jami'ar UDS, da aka kafa a 1992 da rassa a warwatse cikin arewa, tana cikin cibiyoyin da suka fi kowa buƙatar hanyar sadarwa mai ƙarfi. Wayar fiba ta gwamnati ta iso daga baya, sannan a 2015 aka ƙaddamar da layin gabas, wanda ya tashi daga Ho zuwa Bawku da reshe daga Yendi zuwa Tamale, da tallafin ƙasar Denmak.

Waɗanda suka yi ƙoƙarin ajiye uwar garke a ofisoshinsu a wancan zamani sun ga aiki. A watan Maris zafin Tamale yakan kai digiri 40, injin da ba ya hutawa dare da rana kuwa ba ya jure haka sai da na'urar sanyaya ɗaki. Lokacin hunturu ƙura ce ke shiga ta kowace kafa, ta toshe fankar injin, har sai an kwance murfi an hure ta. Sai ga dumsor, wato ɗauke wutar da ya addabi Ghana daga 2012 ya yi tsanani a 2015. Wuta na tafiya batirin ajiya zai fara kuka, mai kula da injin ya ruga ya tada janareta kafin mintunan su ƙare, domin in injin ya mutu ba shiri, rumbun bayanai na iya lalacewa, sakamakon jarrabawar ɗalibai ko lissafin shekara guda ya bi ruwa. Duk wanda ya sha wannan sau biyu ba a buƙatar a yi masa wa'azi kafin ya kwashe kayansa ya kai su hayar uwar garke a ƙetare.

Shi ya sa sana'ar ta sauya kama. Mai gudanar da shafi a Choggu yau kwamfutar cinya ce makaminsa. Yana shiga injin daga nesa ta baƙin allo mai farin rubutu, ya ɗora Apache ko Nginx, ya girka WordPress, ya sabunta takardar tsaro ta Let's Encrypt, ya adana kwafin bayanai. Mai shafin yakan biya shi da sidi, kuɗin Ghana, ta MoMo, wato turin kuɗi ta waya, shi kuwa da dala yake biyan haya. Da sidi ya faɗi warwas a 2022, masu wannan aiki sun ji a jikinsu.

Ko Wikipedia ta harshen Dagbani, wadda ta tsaya da ƙafarta a 2021 da gumin matasa da yawa daga Tamale, asalin bayananta a Amurka suke ajiye, a cibiyoyin Virginia da Texas.

Ranar 14 ga Maris 2024 aka ga illar wannan dogaro. Wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya tsaya cik a yawancin Ghana, gyara kuma ya ɗauki makonni. A irin wannan rana makarantar da ke Choggu za ta iya kasa buɗe shafinta, alhali ɗalibanta da malamanta duk suna unguwa ɗaya. Zuwan intanet na tauraron ɗan'adam na Starlink a shekarar ya buɗe wata ƙofa, amma bai matso da uwar garken ko taku ɗaya ba.

Nijeriya ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne, domin mahaɗarta ta IXPN da ta fara a Legas ta kai reshe har Kano. Tamale tana da jami'o'i biyu, tana da hedikwatar kamfanin wuta na NEDCo, tana da rana mai isar sola, ga kuma matasan da suka koyi aikin cikin wahala. Ya kamata hukumar fasahar sadarwa ta Ghana, NITA, da kamfanonin sadarwa da jami'o'in su haɗa hannu su kafa mahaɗa da ɗakin uwar garke mai inganci a garin, don bayanan makarantu da asibitocin arewa su zauna a arewa.